GAISUWAR INJI

Shafi na 17

Na Halimatou ta Yantala

Ku gafarce ni da shirun kwana uku, kuran ne, wato wutar lantarki, ya ƙi zama a unguwarmu. Masu cewa Lidiya ta cika sanyi, na karanta saƙonninku duka, amsawa ce kawai ban iya ba. Wannan shafin naku ne.

*

Ruwa ne ya tarbi Lidiya tun kafin ta kai ƙofar buro, ofishin sansar.

Ya sulalo ta ƙarƙashin ƙyaure, ya ratsa baranda, ya gangara matakala, ƙasa tana shanye shi tun bai yi nisa ba.

Ta tsaya tana kallo. Watan Mayu, a shekarar da fari ya janye kogin Isa har yara ke buga ƙwallo a kan yashinsa, ga ruwa yana bin baranda kamar ba mai shi.

"Shigo mana. Ko sai an aiko miki da mota?"

Ta yi sallama ta shiga.

Mushe Mumuni yana tsaye tsakiyar buro, ya naɗe ƙafar wando har gwiwa, takalmansa a kan tebur kusa da tarho. Shi ne sansar, mai sa ido kan malamai a Lakwal Tsamiya, makarantar da take koyarwa, duk malamin da ke cikinta a tafin hannunsa yake.

A kusurwa kuwa ga Shayau, injin ban-ruwan da ta haɗa da ɗalibanta.

Sati uku rabonta da shi. Tsohuwar ordinatar, wato kwamfuta, mai ƙaton kai, tano, gangar ruwa, a bisa ƙafafun ƙarfe, makullin ruwa da suka ciro daga mataccen injin wanki a kasuwar Katako, tiyo mai huji-huji kwance cikin akwatin ƙasa da suka shuka yakuwa, da ƙusa biyu soke a ƙasar, waya ta haɗa su da bayan ordinatar. Ƙusoshin su ji ƙishin ƙasa, furogaram ya buɗe ruwa, ƙasa ta ƙoshi ya rufe. Wata bakwai suka yi a kansa, ita da ɗalibanta takwas na kulob ɗin ordinatar.

Da sojoji suka sanar da gasar makarantu kan tattalin ruwa, sai sansar ya aiko masu gadi suka kwashe shi daga ajinta. Takardar da ya tura ta ce shi ya ƙera shi, tare da wasu yara uku da ko ƙofar kulob ɗin ba su taɓa leƙawa ba.

Jibi Asabar za a nuna shi a zauren taro na Gaweye.

"Abin nan naku ya haukace," in ji shi.

"Namu?"

"Na lakwal."

"A takardar gasa na ga an rubuta naka ne, Mushe."

Ya dube ta. Bai saba jin kalma ta wuce uku daga bakinta ba. Ita kuwa ta mayar da ido kan ruwan da ke taɓa silifas ɗinta.

"Madmazel, ba na son doguwar magana. Da na kunna shi sai ya saki ruwa, ba ya tsayawa sai na zare waya. Sau huɗu yau. Akwai layin da yaran nan naki suka ɓata."

"Ka karanta furogaram ɗin?"

"Na karanta."

"Layi nawa ne?"

"Ba jarrabawa na kira ki ki yi mini ba."

"Sittin da ɗaya ne," ta ce a hankali. "Ba wanda ya ɓaci a ciki."

"To ki gyara wanda bai ɓaci ba ɗin."

Ta dubi Shayau.

"Zan duba shi. Abu ɗaya nake roƙo. Ka mayar da sunayen yaran. Su takwas. Ba sai ka sa nawa ba."

Ya yi dariya, ya ja kujera ya zauna, ya ɗage ƙafafunsa daga ruwa.

"Wa da wa? Ɗiyar mai sayar da kopto, kwaɗon zogale, a bakin titi? Ko waccan da shanun ubanta suka ƙare a Dakoro? Su za su tsaya gaban kolonal? Da wane Faransancin?"

"Da wanda suka rubuta furogaram ɗin da shi."

"Madmazel, ke ƴar kwantiragi ce, shekararki ɗaya a nan, ba ki san yadda lakwal mai zaman kanta take numfashi ba. Yaran da na sa, iyayensu ne ginshiƙin gidan nan."

"Komai yana cikin kayen aji, littafin darussa, Mushe. Kowane darasi na rubuta shi da kwanan wata, da wanda ya yi aikin. Kai kake sa hannu a ƙasa duk Juma'a."

Abin da ta dogara da shi ke nan duk makonnin nan. In rana ta ɓaci, kaye zai yi magana.

"Wane kaye?"

"Na kulob."

"Au, wancan. Gara ta ci shi."

Ya jawo aljihun tebur, ya fito da wani kaye sabo fil, ya buɗe ya juyo mata da shi. Tun daga watan Oktoba har satin jiya, shafi bayan shafi, darussanta ne kalma da kalma. Har ranar da makullin ruwa ya fashe ya jiƙa ɗalibinta Bulus. Sai dai rubutun hannunsa ne, sunansa ne a kowane gefe, sunayen yaranta kuwa ba ko ɗaya.

"Mun buɗe sabo," ya ce. "Kwana huɗu na yi ina kwafa. Rubutunki ƙanana ne kamar ƙwai na tururuwa, har idona ya yi ciwo."

Lidiya ta ɗauke ido daga kayen.

Ta daina jin tsoronsa, ta kuma daina jin tausayinsa, duk a numfashi ɗaya.

"Kwantiraginki ƙarshen Yuni zai ƙare," ya ci gaba. "Ni nake rubuta wa mai lakwal wanda za a sabunta da wanda zai koma Dogon Dutsi ya taya uwarsa daka. Kin gane?"

"Na gane."

Aka kira la'asar daga masallacin bayan katanga. Ya ɗauki takalmansa da hularsa.

"Kafin in dawo ki gama. Ku ba ku da la'asar, kin ga kina da lokaci."

Ya fita.

Ta bari sai da ta daina jin takunsa. Ta leƙa ta taga, ta ɗebo busasshen yashi a cikin hankicinta. Ta ɗauki ƙaramin kofin shayinsa ta cika da ruwan tano. Sannan ta zare ƙusoshin daga akwati, ta share su da bakin gyalenta, ta kunna ordinatar.

In aka kunna Shayau, kuka biyu yake yi. Wanda bai sani ba zai ɗauka kukan tsohuwar ordinatar ne. A kuka na farko ana soka ƙusoshin cikin busasshen yashi, ya san yadda ƙishi yake. A na biyu a tsoma su cikin kofin ruwa, ya san yadda ƙoshi yake. Sai a mayar da su cikin akwati. In ba a yi masa haka ba bai san ƙoshi ba, buɗe ruwa zai yi ya zauna yana jiran abin da bai sani ba.

Yaran suka sa wa abin suna gaisuwa. Da an zare kuran kuma ya manta, sai an sake gaishe shi.

Ba a rubuta wannan a ko'ina ba, ko a kaye ko a cikin layi sittin da ɗayan. Sau uku tana ce wa ɗalibarta Balkisa, wadda ta tsara sashen, ta rubuta shi a takarda ta liƙa a jikin tano. Kullum amsar ɗaya ce.

"Madam, wa zai manta da gaisuwa?"

Tit. Yashi.

Tit. Ruwa.

Ta mayar da ƙusoshin. Makulli ya yi ƙas, ya zauna a rufe.

Ta zubar da yashin ta taga, ta goge kofin, ta ajiye shi daidai kan zoben da ya bari a tebur.

Mushe Mumuni ba shi kaɗai ya dawo ba. Alhaji Hamisu mai lakwal yana gabansa da carbi, yana tsallake ruwa yana tsaki.

"Yana aiki," ta ce.

Ta ciro ƙusoshin ta soka a busasshiyar ƙasar da ta ɗebo ta taga, ruwa ya buɗe. Ta mayar inda ta jiƙe, ya rufe.

"Madalla," in ji Alhaji. "Me ya same shi dama?"

"Ƙaramin abu ne, Alhaji," Mushe Mumuni ya riga ta. "Ni na gaya mata inda za ta taɓa."

Lidiya ta ɗago kai ta dube shi cikin ido, karo na farko tun da ta fara aiki a nan.

"Mushe, kana so in nuna maka abin da na yi?"

Ya saci kallon Alhaji.

"Me za ki nuna mini a abin da na ƙera da hannuna? Jibi ma haka zai yi, ko?"

"Abin da aka rubuta masa shi zai yi. Inji ba ya ƙari, ba ya ragi."

"To shi ke nan. Ba mai sake taɓa shi sai Asabar."

Ya sunkuya ya zare wayar kuran da kansa.

Ta tsaya har hasken allon ya mutu, sannan ta yi musu sai an jima.

*

Ranar Juma'a ba kuran, ba kuma Shayau, sai Lidiya da yaran kulob suka yi abin da suka saba in wuta ta tafi. Ƙarƙashin tsamiya, wasan inji.

Kowa layi ne. Bulus shi ne ƙusa, ya durƙusa yana taɓa ƙasa. Rabi ita ce makulli, ta riƙe buta wofi. Balkisa ke riƙe da takarda tana karantawa, ba mai motsi sai an zo layinsa.

"Idan ƙasa ta bushe, buɗe."

Rabi ta karkata buta.

"Idan ta ƙoshi, rufe. Koma sama."

"Ƙasar nan ba ta ƙoshi sai Agusta," in ji Bulus. "Madam, gwiwata ta mutu."

"Ƙusa ba ta magana," Balkisa ta ce ba tare da ta ɗago ba.

Suka yi dariya, amma ba irin ta da ba. Duk sun san gobe ce.

Lidiya ta tsayar da wasan.

"Gobe ƙarfe tara, bakin gadar Kenedi. Kowa da kayan lakwal. An ce ƴan kallo na iya shiga."

"Mu je mu tafa musu?" Rabi ta tambaya.

"Ku je ku tsaya kusa da ni. Balkisa, ki zo da kofi da yashi a leda. Ki sa a jakarki, kada ki fito da su sai na ce."

Balkisa ta naɗe takardar a hankali, idonta ya fara haske.

"Bai san gaisuwa ba."

"Bai tambaya ba."

Bulus ya miƙe ya yi tsalle ɗaya, ya toshe bakinsa.

Indo ce kaɗai ba ta motsa ba. Ita ce ƙarama a cikinsu, uwarta ke sayar da kopto a bakin titin Yantala, ita kuma ke bin layin famfo kafin ta zo lakwal. Tafin hannunta duk kanta ne saboda hannun bido, jarkar ɗiban ruwa.

"Madam."

"Na'am, Indo."

"In ba a gaishe shi ba, ba zai rufe ba."

"Na sani."

"Tano guda ne fa."

"Na sani."

"Bido goma ke nan. Jiya tun asuba nake layi, biyu na samu."

"Ke Indo," in ji Balkisa, "sunanki ya goge. Ya ce ke ɗiyar mai kopto ce, ba ki isa ki tsaya gaban mutane ba."

"Ai ɗiyarta ce ni. Ruwan me ya yi?"

Duk suka juyo suna kallon Lidiya.

Ta san amsar da malama ya kamata ta bayar. Tanti Esta ma, wadda Lidiya ke zaune a gidanta, ta faɗa mata da safe, tana ɗaura farin kayanta na likita, cewa ramuwa ta Ubangiji ce. Ta ji, ta ce to.

Sai dai in ta rufe ido, kayen nan take gani. Ranar da makulli ya jiƙa Bulus, da rubutun wani.

"Wani lokaci sai abu ya zube mutane ke waiwayowa," ta ce.

Indo ta ɗauki jakarta.

"Ni ban taɓa ganin ruwa ya zube an kwashe ba, Madam."

Ta tafi ba ta jira an tashe su ba.

*

Asabar, zauren da ke Gaweye ya cika tun kafin goma. Sojoji biyu a ƙofa, tebura a jere, kowace makaranta da abinta. Ta taga ana hango kogi ya koma kamar zare a tsakiyar yashi.

Lidiya ta ƙirga yaranta a bakin gada, bakwai. Sai da suka shiga layi Indo ta ɓullo da gudu, da ƙaton baho na roba a kai.

"Kasuwa za ki?" soja ya tambaye ta.

"Na aikinmu ne."

Ya leƙa ciki, wofi, ya bar ta ta wuce. Ba ta kalli Lidiya ba.

Teburin Lakwal Tsamiya shi ne na shida. Mushe Mumuni ya sha babbar riga ta shadda mai ruwan toka, aiki har ciki. Yaransa uku na bayansa cikin sababbin riguna, leɓunansu na motsi suna maimaita hadda. An cika tano har baki. An sake ƙasar akwati, busasshiya ƙarau, an dasa yakuwar a ciki.

Kolonal Jibo, shugaban alƙalan gasar, siririn mutum ne mai magana ƙasa-ƙasa. In ya tsaya a tebur sai zauren ya yi tsit don a ji shi.

Ya iso na shida.

Mushe Mumuni ya yi jawabi. Yadda tunanin ya zo masa yana kallon garkar makaranta tana mutuwa. Yadda ya hana idonsa barci. Yadda ya zagaya Katako da ƙafarsa.

"Kunna," in ji kolonal.

Ya danna.

Tit.

Hannun Balkisa ya zabura zuwa jakarta da kansa. Lidiya ta kama wuyan hannun ta riƙe.

Tit.

Makulli ya yi ƙas. Ruwa ya fara tsattsafowa ta hujojin tiyo, ƙasa ta yi duhu a gindin yakuwa. Aka tafa. Alhaji Hamisu ya fi kowa.

"Yanzu, mon kolonal, da ƙasa ta sha, zai tsaya da kansa."

Aka jira.

Ƙasa ta sha. Ruwa ya kwanta a kanta. Ya taso ya rufe gindin yakuwa.

"Yana lissafi ne," in ji Mushe Mumuni.

Ruwa ya kai bakin akwati, ya samu kusurwa, ya fara zuba a siminti.

Ya danna wani maɓalli. Ya danna wani. Ya danna uku a haɗe. Ɗaya daga cikin yaransa ya ja da baya don kada sabon takalminsa ya jiƙe. Da ruwan ya doshi ƙafar kolonal sai Mushe ya sunkuya ya fizge waya.

Ruwa ya tsaya.

"Wannan ita ce ƙirar?" kolonal ya tambaya. "Mutum ya tsaya kusa ya zare waya? Ai kakata ma tana yi da tulu."

Wani ya yi dariya a baya, ya haɗiye.

"Zafi ne, mon kolonal, ordinatar ba ta son..."

"Sake kunnawa."

Tit. Tit. Ƙas.

Wannan karon ƙasa ba ta da inda za ta sa shi. Kai tsaye ya bi kusurwa ya zubo, ya jiƙa gindin shadda, ya bazu ƙarƙashin tebur na bakwai.

"Madam," Balkisa ta ce cikin raɗa, "ya isa."

"Tsaya."

"Madam, rabi ya tafi."

"Sai ya kira ni."

Mushe Mumuni yana ta waige-waige, gumi na bin wuyansa. Idonsa ya faɗo a kanta. Ya yi mata alama da kai, ta zo.

Ta tsaya kamar ba ta gani ba.

Ya sake yi, da hannu.

Ba ta ƙifta ba.

Sai ga wani abu shuɗi ya kutsa tsakanin ƙafafun mutane. Indo ce, da rarrafe, tana tura bahonta. Ta saita shi daidai ƙarƙashin kusurwar akwati, ta durƙusa ta riƙe shi da hannu biyu. Ƙarar ruwa a roba ta cika zauren.

"Madmazel!" muryar Mushe Mumuni ta fashe. "Madmazel Lidiya, don Allah zo ki tsayar da abin nan."

Kowa ya juya.

Shekara guda ba ta iya magana a taron malamai sai muryarta ta shaƙe. Yau ta fito sumul.

"Ni, Mushe? Me zan nuna maka a abin da ka ƙera da hannunka?"

"Ita ce, mon kolonal. Ita ta taɓa shi shekaran jiya. Ita kaɗai ta san cikinsa, ita da yaran nan."

Sai da ya rufe baki ya ji abin da ya faɗa. Alhaji Hamisu ya daina jan carbi.

"Ita da yaran nan," kolonal ya maimaita. Ya dubi takardar hannunsa, ya dubi yaran uku masu sababbin riguna, ya dubi bakwai ɗin da ke bayan Lidiya. "Wanda ya san cikinsa ya zo."

Lidiya ta saki hannun Balkisa.

Ba wanda ya gaya musu inda za su tsaya. Bulus ya kashe ordinatar ya zare ƙusoshin. Rabi ta share su da gefen siket. Balkisa ta zazzage yashi a kan tebur, ta miƙa kofi ta ɗebo ruwa daga bahon Indo.

"Kunna."

Tit. Yashi.

Tit. Ruwa.

Bulus ya mayar da ƙusoshin cikin laka.

Ba ɗigo ɗaya.

Balkisa ta ciro su ta soka a yashi, ruwa ya buɗe. Ta mayar, ya rufe. Ta yi haka sau biyu, sannan ta goya hannu a baya.

"Me kuka yi masa?" kolonal ya tambaya.

"Gaishe shi muka yi. Sai an nuna masa ƙishi da ƙoshi yake gane tsakaninsu. Layi na tara zuwa na sha bakwai. Ni na rubuta."

"Wa ya koya muku?"

Hannu takwas suka nuna wuri ɗaya, har da na Indo da ke durƙushe.

"Sajan," in ji kolonal, "goge sunayen da ke takardar nan. Rubuta na waɗannan, su takwas. Kowa ya faɗi nasa da bakinsa."

Suka faɗa ɗaya bayan ɗaya. Lidiya ta saurari kowane suna har ƙarshensa, idonta a kan Mushe Mumuni, shaddarsa ta manne masa a ƙwauri. Wani sanyi ya sauko mata tun daga maƙogwaro har ciki. Ta bar shi ya zauna. Ba ta ji kunyar daɗin ba.

Kolonal bai wuce tebur na bakwai ba.

Ya leƙa cikin tano. Ya dubi simintin da ruwa ya malale. Sannan ya durƙusa a gaban Indo, ya juya zuwa Hausa, irin tasu ta Zabarmawa.

"Ɗiyata, bahon nan daga ina?"

"Daga gida."

"Tun da safe kika ɗauko shi?"

"I."

"Wofi."

"I."

"Wa ya gaya miki ruwa zai zube yau?"

Indo ta sunkuyar da kai. Yatsunta suka ƙanƙame bakin bahon. Ba ta iya ƙarya ba, kowa a kulob ya san haka, ko a wasan inji ba ta tsallake layi.

"Ni ce," in ji Lidiya.

Ya miƙe a hankali.

"Kin san zai zube."

"Na sani."

"Kina tsaye a nan tun kukan farko, da kofi da yashi a jakar yarinya."

"I."

"Shekaran jiya na dawo daga arewa, Madmazel. Na ga mata a cikin rijiya suna matse laka a zane su ba yara." Muryarsa ba ta ɗagu ba. "Shi ya saci aikin yara. Ke kika zubar da rabin tano don ki ji ya kira sunanki."

Ba ta musa ba.

"Mon kolonal," in ji sajan, biro a hannu, "ita ma in rubuta ta?"

"A'a. Ita ba a takarda za ta shiga ba."

Balkisa ta riƙo gefen gyalen Lidiya. Indo ta ɗago, idonta ya cika.

Kolonal ya gyara hularsa, ya nufi tebur na bakwai, ya yi maganar ba tare da ya waiwayo ba.

"A kawo motar soja bakin ƙofa. Ita da sansar ɗin, a tafi da su. Mota ɗaya."